Firjin Nei Arieta

Torika tana durƙushe gaban murhun banda, idanunta na zubar da hawaye saboda hayaƙin ɓawon kwakwa, sai ta ga wasu takalma sun tsaya a gabanta. Na fata ne, an goge su har suna ƙyalli. A Natuvoli ba mai saka irinsu sai fasto, shi ma ranar Lahadi.

Ta ɗago kai. Saurayi ne dogo siriri, da farar riga da zanen maza mai aljihu irin na ma'aikata, ya rataya ƙaramin sikeli a kafaɗa.

"Sannu da aiki. Ke ce Torika, 'yar Kitione?"

"Wa ke tambaya?"

"Peniasi, daga ofishin tallafa wa ƙananan sana'o'i. Na kai wa mai gari saiwar kava ta gaisuwa, ya ba ni izinin shigowa."

"Izinin shigowa gari ya ba ka, ba izinin tare min iska ba. Matsa, kana dawo min da hayaƙi."

Ya matsa da sauri har ya kusa taka kare. Ya yi dariya, dariyar da ta fito da wushiryarsa, Torika kuwa ta kau da kai don kar ya ga bakinta ya motsa. Ta ji haushin kanta. Mutumin da aka turo ya binciki gari ba abin yi wa murmushi ba ne.

Ga abin da ya kawo shi. Watannin baya mutanen ofishin suka zo da firji masu aiki da hasken rana, don mata masu sayar da kifi. Ba su ishi kowa ba, kuma da gangan aka yi haka. Aka zuba sunaye a kwando a zauren coci, fasto ya rufe ido ya zaro rabi. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa suka samu firji, sauran aka ce su ci gaba da banda yadda suka saba har shekara ta zagayo. Kowane wata za a turo mutum ya auna kifin kowa, ya ji wanda ya lalace da wanda ya isa kasuwar Savusavu. In masu firji sun fi ci gaba, a ba sauran, a kai wasu tsibiran. In ba bambanci, a naɗe shirin. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: firji na mai shi ne, ba a aro.

Wanda ya rubuta wannan sharaɗi ya manta da kerekere. Ɗan uwa ya zo ƙofarka, ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai ya roƙe ka, da wane baki za ka ce a'a? Roƙo ne da ba a mayarwa, tun zamanin kakanni.

Torika ba ta ci ƙuri'a ba. Nei Arieta, ƙanwar mahaifinta, ta ci. Mako bai cika ba Kitione ya je ya yi wa 'yarsa kerekere a wurin 'yar uwarsa. Haka kowane gida ya yi, har ya zama babu firjin da ba ya ɗauke da kifin gidaje da yawa, kowace mace ta ɗaure bakin ledarta da ƙyallen zaninta don kar a cakuɗa. Sai ji-ta-ji-ta ta tashi cewa duk firjin da aka kama da kifin wata za a loda shi a jirgin ruwa a mayar. Ba wanda ya san inda maganar ta fito, amma kowa ya gaskata. Saboda haka ranar da mai awo zai zo, tun da sassafe ake kwashe kifi, a hura wuta.

Wutar da Torika ke hurawa ran nan ta ƙarya ce. Ba ta da wani suna.

Da yamma Kitione ya kira ta. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda teku ta cinye masa yatsu biyu, ya kuma raini 'yarsa shi kaɗai tun rasuwar uwarta.

"Na ga yaron nan ya daɗe a wurinki."

"Tambayoyi ne, Baba."

"Gidan sauran matan tsaye ya yi. Ke har ya zauna." Ya dube ta. "Daga yau duk ranar da ya zo, ki riƙe shi. Ki ba shi abinci, ki ja shi da hira. Kar ƙafarsa ta kai gidan Arieta sai an gama kwashewa."

"Baba, wannan ai yaudara ce."

"Don ke ta buɗe firjinta. In aka ɗauke, ke za ki je ki dubi idonta?"

 Uban da ya mai da 'yarsa labule ya yi kuskure, ko da don dangi ya yi, amma 'ya ba ta faɗa wa uba haka.

Wata ya zagayo, Peniasi ya dawo. Torika ta shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin mangwaro, ta kawo kifi cikin madarar kwakwa da dafaffen gwaza. Ya ci har ya suɗe hannu.

"Ba sa ba ka abinci a birnin Suva ne?"

"Suna bayarwa. Burodi da kifin gwangwani."

"Shi ya sa kake kamar sandar tuƙi. Iska mai ƙarfi ta taso, a ƙasar Tonga za a tsince ka."

"In kina ciyar da ni haka ba inda za ni, 'Yar Hayaƙi."

"Wa ya ba ka izinin raɗa min suna, Mai Sikeli?"

"Ke da kika raɗa min yanzu."

Ran nan ya karɓi lambarta, wai don aiki. A Natuvoli waya ba ta kamawa sai a kan tudun bayan makaranta. Torika wadda a da sai ta yi mako ba ta hau tudun ba, ta koma hawa kullum, tana cewa ganyen rogo take nema. A can take karanta saƙonninsa tana mayar masa da amsa.

"'Yar Hayaƙi, na iso lafiya. Rigata har yanzu ƙanshin bandarki take. Mai masaukina ta ce in wanke, na ƙi."

"Ka wanke, Mai Sikeli. Ƙazanta ba so ba ce."

"To mene ne so?"

"Wannan ma cikin tambayoyin ofis take?"

"A'a. Wannan tawa ce."

Ta karanta ta maimaita, ta kifa wayar a ƙirji. Kafin ta sauko daga tudun kuma zuciyarta ta juya. Wa ya ce tasa ce? Mutumin nan sana'arsa ke nan, ya sa mutane su saki baki. In ya tambaye ta yaushe take tashi, ba ta sanin ko masoyi ne ke son jin yadda ta kwana, ko ma'aikaci ne ke son sanin lokacin da ake kwashe kifi. In ya ce gwaggonta mutuniyar kirki ce, sai ta kwana tana juya maganar. Ita da ke ɓoye abu, ta ɗauka kowa ma yana ɓoyewa. Haka ƙarya take yi wa mai ita.

Wata rana tana miƙa masa jakar kifi ya auna, yatsunsu suka haɗu.

"Kai, hannunki da sanyi."

 Ba a daɗe da fito da kifin daga firji ba.

"Ruwan rafi ne," ta ce.

Ya dubi rana da ke tsakiyar ka, ya dube ta, bai ce komai ba. Ya rataya jakar a sikeli. Wannan shirun ya fi tambaya damunta.

Akwai wanda duk wannan zaman mangwaro bai yi wa daɗi ba. Waisale, mai jirgin inji da ke kai kifin mata kasuwa, ya daɗe da sa rai da Torika, kuma Kitione bai ƙi ba. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ya ɗauka daɗewa yana jiran mace ya mai da ita tasa.

Ya tare ta a bakin ruwa tana wanke kwanduna.

"Matar ma'aikaci, ina kwana?"

"Waisale, ka je ka kwashe ruwan da ke jirginka."

"Kin ɗauka sonki yake? Irinsu makaranta ake kai su a koya musu yadda ake buɗe bakin mata. Ranar da ya samu abin da yake nema, ko ƙurarsa ba za ki gani ba. Ke ki zauna da kunyar Nei Arieta."

"Na ji. Matsa."

Ta nuna ko a jikinta, amma maganar ta shige ta, don abin da take faɗa wa kanta ke nan kullum.

Waisale bai tsaya nan ba. Da yake mayar da Peniasi a jirgi, ya jira sai da suka yi nisa da gaɓa, ya ɗaga murya sama da ƙarar inji ya ce masa, "Abokina, ka san me ya sa kullum gidan Kitione ake zaunar da kai? Aiki aka ba ta."

Torika ba ta san an yi haka ba. Abin da ta sani shi ne saƙo ya ɗauke. Ta hau tudu ta sauko, ta hau ta sauko, ba komai. Ta rubuta, "Lafiya dai, Mai Sikeli?" Sai washegari amsa ta zo.

"Lafiya. Sai na zo."

Da ya zo bai zauna a tabarma ba. Ya tsaya nesa da abincin da ta rufe da ganyen ayaba.

"An ce aiki aka ba ki."

Bakinta bai mutu ba. "Ni ma an ce aiki aka ba ka."

"Nawa ban ɓoye ba. Ga sikeli a kafaɗata tun ranar farko."

"Da saƙonnin? Su ma ofis ke biya?"

Ya runtse ido kamar an watsa masa ruwan gishiri. Sai ya durƙusa kusa da murhun, ya yi ƙasa da murya.

"Torika, na ga kifinki a kasuwar Savusavu, ɗanye, da ƙanƙara a cikinsa. Na ga na wasu ma. Ban buɗe firjin kowa ba, don ina jira in ji daga bakinki. Wannan laifina ne, da tuni ya kamata in yi magana. Amma ki saurara. A awon da nake kaiwa, ku marasa firji kun yi daidai da masu firji. Kin san yadda za a karanta shi a Suva? Za a ce firji bai tsinana komai ba. Za a rufe shirin. Ku ba za ku samu ba, matan sauran tsibirai ma ba za su samu ba."

Ta zuba masa ido. In gaskiya ya faɗa, garin nan da hannunsa yake kashe abin da yake karewa. In kuwa dabara ce, ba ta taɓa jin wadda ta kai ta iya tsari ba.

"In ka gani da idonka, za a ɗauke na Nei?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba?"

"Ba ni ke yankewa ba. Ban sani ba."

Ta so ya ce a'a. Da ya ce a'a, da ta san inda za ta ajiye shi, don maƙaryaci a'a zai ce. Ta dubi wutar da ta hura don rufe masa ido, ta dubi fuskarsa, ta ga ta gaji. Ta ɗauki bokitin ruwa ta kwarara a murhun.

"Taso."

Rana tsaka ta ratsa gari da shi, mata na leƙe daga ƙofofi. Ran nan Nei Arieta ba ta gama kwashewa ba, don ta dogara da 'yar ɗan uwanta. Tana tsaye da leda a hannu suka shigo.

"Torika! Me kika yi?"

"Ki yafe min, Nei."

Torika ta ɗaga murfin firjin. Ledoji cike, kowace da ƙyallenta, ja da shuɗi da mai furanni. Peniasi ya duba ya ce, "Na gani." 

Kafin rana ta karkata an tara dattawa a zauren mai gari. Aka dama kava, abin shan da ake buɗe zama da shi, a babban akushi, maza suka zauna a da'ira, mata suka takure a baya kusa da ƙofa. Torika na cikinsu, amma an bar fili tsakaninta da kowa.

Bayan ƙoƙon farko ya zagaya, Kitione ya ja jiki zuwa tsakiya. Ya ajiye damin saiwar kava a gaban Peniasi. Dattijo mai furfura, a gaban yaron da ya haifa, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Ɗana, kerekere na zo yi. Kai ma ɗan ƙasar nan ne, a ƙauye aka binne cibiyarka, ka san ba ma hana ɗan uwa. Abin da ka gani yau, ka bar shi a nan. Ka rubuta yadda ka saba." Sannan ya ƙara. "Wanda ya rufa wa Natuvoli asiri ɗan Natuvoli ne. Na san abin da ke kai ka gidana. Ƙofar a buɗe take."

Kowa ya gane. Torika ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Waisale da ke gefe ya sunkuya yana wasa da bakin tabarma.

 Abu mai sauƙi ne: Peniasi ya ɗora hannu a kan damin, ya tafa alamar ya karɓa, shi ke nan. Torika ta samu kanta tana lissafi. In ɗan leƙen asiri ne, zai karɓa a nan, ya je can ya kai rahoto. In kuma ita kaɗai yake so ko ta halin ƙaƙa, zai karɓa ya yi shiru, ta auri mutumin da ake saye da mace.

Peniasi bai taɓa damin ba. 

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo!" Wani dattijo ya yi tsaki. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Tunda nake ban taɓa mayar da kerekere ba," in ji Peniasi. "Mahaifina ya ji wannan, sai ya yi kuka. Amma in na rubuta ƙarya, za a ce firji ba ya da amfani, alhali ni na ga yana ciyar da gari guda. Zan rubuta abin da na gani. Zan rubuta cewa ba sata kuka yi ba, zumunci kuka yi. Abin da za su yanke ban sani ba. Maganar Torika kuwa, Baba, ina sonta, amma ba ta wannan ƙofar zan shigo ba."

Kitione ya ɗago. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki daminsa ya miƙe ya fita, wanda ya fi faɗa muni.

Torika kuwa, a tsakiyar wannan abin kunya, ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Tun ranar da ta ga takalmansa ba ta yi numfashi irin wannan ba.

Daɗin bai daɗe ba. Ba wanda ya raka Peniasi bakin ruwa. Kitione ya ce kar ya ƙara jin sunansa a gidansa. Mata suka daina amsa gaisuwar Torika, a coci ma benci guda aka bar mata. Aka koma banda ta gaske, kifi ya riƙa lalacewa, kowace asara kuma a kanta ake ɗorawa. Duk jirgin da ya ɓullo, sai a fito a tsaya a ga ko na ɗaukar firji ne.

Daga Peniasi kuma ba saƙo. Tsohon zargin ya fara leƙowa: to, ya samu abin da yake nema, ga shi ya tafi, yadda Waisale ya ce. Wannan karon ta kore shi. Ta hau tudu ta rubuta:

"Mai Sikeli, gari ya juya min baya. Ban yi nadama ba. Ka ci abinci."

Ba ta sauko ba amsa ta shigo.

"'Yar Hayaƙina, na kasa rubuto miki ne don ba ni da labari mai daɗi. Na miƙa komai. Na rubuta har da cewa ina son ɗaya daga cikin matan da nake yi wa awo, kuma saboda ita na yi jinkirin magana. An cire ni daga aikin Natuvoli, an mayar da ni tebur. Daidai suka yi. Sauran muna jira. Kina raina safe da rana."

"Wa ya ce ka faɗa musu wannan? Kai wawa ne?"

"Da alama."

"To ni ma wawan nake so."

Da jirgin ofis ya zo, wata mata ce mai furfura da tabarau ta sauko, ba masu dako ba. Ta kai wa mai gari kava, ta zauna da mata a zauren coci ta yi musu bayani ba kwana-kwana. Ba za a ɗauki firjin kowa ba, kowa ya sa kifinsa inda ya ga dama. Amma an cire Natuvoli daga gwajin, don awonsa ya riga ya cakuɗe, saboda haka waɗanda ke jiran nasu ba za su samu bana ba. Za a sake gwajin a wasu wurare, wannan karon ƙauye guda a ba shi, ƙauye guda ya jira, tunda an gane ba a raba gida biyu da ƙuri'a.

Wasu suka yi ajiyar zuciya. Wasu suka fita suna gunaguni, akwai ma waɗanda har yau ba su yafe wa Torika firjin da suka sa rai da shi ba. Gaskiya ba ta biyan kowa daidai, kuma ba don biya ake faɗinta ba.

Nei Arieta ce ta je ta samu yayanta yana gyaran raga.

"Kitione, har yaushe za ka yi ta kumburi kamar kifin ƙaya?"

"Ya kunyata ni a gaban gari."

"Kai ka kunyata kanka, da ka ɗora 'yarka a kan damin kava. Ni na gaji da tashi da sassafe ina ɓoye kifi kamar ɓarauniya a cikin gidana. Yaron nan ya raba ni da wannan. In ya aiko, ka karɓe su."

Ya ci gaba da gyaran ragarsa, amma bai kore ta ba.

Bayan Kirsimeti masu neman aure suka zo. Waisale ne ya ɗauko su, bai karɓi kuɗin jirgi ba, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Peniasi na bayan baffanninsa, kansa a ƙasa. Babbansu ya durƙusa a ɗakin Kitione ya ɗaga tabua, haƙorin ƙaton kifin teku da ake neman aure da shi, yana reto a igiyarsa ta zaren kwakwa. Ya nemi gafara kan abin da ya faru a zaure, sannan ya roƙi Torika.

Tana ɗakin ciki ita da Nei Arieta, kunnenta a jikin bango.

Kitione ya bar hannun baƙon a sama har ya fara rawa. Sannan ya yi gyaran murya.

"Peniasi."

"Na'am, Baba."

"Na roƙe ka, ka hana ni. Yau kai ne a ƙasa."

"Haka ne, Baba."

"Na kwana da abin a raina ba sau ɗaya ba. Ga abin da na gani. 'Yata mai sana'a ce. Gobe dangi za su yi layi a ƙofarta, nawa da naka, kowa da roƙonsa, har su cinye jarin. Ni ban iya cewa a'a ba, shi ya sa na tsufa da raga ɗaya. Tana bukatar wanda ya iya. Kuma wanda ya dubi furfurata ya ce a'a, in wata mace ta kira shi a Suva, ina jin zai iya ce mata a'a." Ya miƙa hannunsa mai yatsu uku ya karɓi tabua. "Na ba ka. Amma kar ka saba, ni surukinka ne."

Ɗaki ya ɗauki tafi da dariya. A ciki Torika ta faɗa jikin gwaggonta tana kuka.

Aka ɗaura aure a cocin Natuvoli. An shimfiɗa sababbin tabarmi daga ƙofar coci har gidan Kitione, an haƙa rami an gasa gwaza da kaji da kifi a kan duwatsu masu zafi. Har matan da ke fushi sun zo, sun ci, sun yi rawa, don fushi daban, biki daban.

Da suka fito, Peniasi ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"'Yar Hayaƙi, in tambaye ki wani abu?"

"Tambayi duk abin da kake so. Yau ba abin da zan ɓoye."

"Ranar da kika fara ba ni abinci, aiki ne ko so?"

"Aiki ne."

"Karo na biyu fa?"

"Na biyu na ƙara madarar kwakwa. Ba wanda ya sa ni."

Kitione ya tsayar da su a bakin ƙofarsa, ya ɗora hannu a kan kowannensu. 

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. Ya cika muku raga. Ku ba ɗan uwa in ya roƙa, ku hana shi in ƙarya ya roƙa. Ku shiga, abinci na hucewa."

Gari ya amsa da amin.